Hula mai tuntu da rigar kanikawa: yadda ɗaliban injiniyanci na Finland ke renon magadansu

Da ƙarfe goma sha biyun daren 30 ga Afrilu, a unguwar Otaniemi ta birnin Espoo, gab da Helsinki, ɗaruruwan ɗaliban shekarar farko sukan ɗora farar hula mai baƙin tuntu a ka a karon farko. Daga nan suna ya canja. Wanda jiya ake kira fuksi, wato sabon shiga, yau ya zama teekkari, cikakken ɗalibin fasaha. Hukumar jami'a ba ta da hannu a wannan ƙarin girma, kuma babu wata jarrabawar lissafi da aka ci kafin a kai gare shi. 'Yan'uwansa ɗalibai ne suka duba katinsa, suka ƙirga abin da ya yi tun farkon zango, suka ce ya isa.

Wanda hotuna kawai ya gani zai ce shiririta ce ta samari da 'yan mata: riguna kala-kala, waƙe-waƙe, tsalle cikin ruwan sanyi. Amma a ƙarƙashin wannan hayaniya akwai tsarin mulki a rubuce, da kasafin kuɗi, da zaɓe, da masu binciken asusu. Dalilin wannan tsanani kuwa a fili yake. Karatun injiniyanci a Finland shekara biyar ne bisa tsari, uku na digirin farko da biyu na digiri na biyu. Ma'ana, cikin shekara biyar zuwa shida kusan duk mutanen da ke riƙe da al'adar sun watse, wasu sun maye gurbinsu. Al'ummar da ke sauya mutanenta da irin wannan sauri ba ta da dattawan da za ta jingina da su, dole ta mai da baƙo ɗan gida cikin wata takwas, ta kuma ɗora masa ragama a shekara ta biyu. Hular da rigar da katin maki duk kayan wannan aiki ne.

Tushen abin ya kai 1849, lokacin da aka buɗe makarantar koyon fasaha a Helsinki, ƙasar tana ƙarƙashin sarkin Rasha. Makarantar ta samu matsayin jami'a a 1908, ta ƙaura zuwa Otaniemi sannu a hankali bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a 2010 aka haɗe ta da makarantar kasuwanci da ta zane-zane aka samar da Jami'ar Aalto. Daga Helsinki ne al'adar ta bazu zuwa Oulu, inda aka kafa jami'a a 1958, da Tampere, wadda ta fara a matsayin reshen Helsinki a 1965, da Lappeenranta a 1969. Kowane gari ya ɗauki abin ya yi masa nasa gyaran, kuma har yau suna yi wa juna ba'a kan wanda nasa ya fi inganci.

Kilta, inda komai ke tafasa

Doka ta wajabta wa duk ɗalibin digirin farko da na biyu a jami'o'in Finland zama mamban babbar ƙungiyar ɗalibai ta jami'arsa. Sai dai rayuwar yau da kullum ba a can take ba. Tana cikin kilta, ƙungiyar ɗaliban sashe guda: masu karatun lantarki da tasu, masu injina da tasu, masu kwamfuta da tasu. Shiga kilta ganin dama ne, kuɗin rajista kuma kaɗan ne. Wadda ta fi daɗewa a Otaniemi ita ce ta masu ilimin sinadarai, tun 1891. Ta masu injina ta zo a 1915, ta masu lantarki a 1921, ta masu kwamfuta sai 1986.

Kowace kilta ƙungiya ce mai rajista da gwamnati, kamar kowace ƙungiyar sa-kai a ƙasar. Wannan batu ne da baƙi ke yawan tsallakewa, alhali shi ne ƙashin bayan komai. Tunda mai rajista ce, dole ta kira babban taro, ta gabatar da lissafin shiga da fita, a naɗa waɗanda za su bincika littattafanta, a kuma kaɗa ƙuri'a kan ko za a sauke wa shugabannin bara nauyin abin da suka kashe. Ana zaɓen shugabanni a ƙarshen kaka, galibi cikin Nuwamba, su kama aiki a Janairu, wa'adinsu shekara ɗaya. Akwai shugaba, sakatare, ma'aji, mai kula da harkar karatu wanda ke kai koken ɗalibai gaban malamai, mai hulɗa da kamfanoni, da mutum biyu da ake kira maigida da uwargida, waɗanda girki da shirya liyafa ke wuyansu. Sannan akwai kyaftin ɗin sababbin shiga, wanda aikinsa ya fi na kowa cin lokaci.

Matashi ɗan shekara ashirin da ɗaya da aka ba ma'aji zai koyi rubuta takardar neman biya, da bin kamfanin da ya yi jinkiri, da amsa tambayoyin mambobi masu tsaurin ido a gaban taro. Ba a koyar da wannan a ajin lissafi. Shi ya sa masu ɗaukar ma'aikata a Finland, waɗanda da yawansu sun bi ta wannan hanya, ba sa raina layin da ke cewa mutum ya riƙe muƙami a kilta.

Kowace kilta tana da ɗakinta a harabar jami'a: kujerun kwance da suka ga duniya, tukunyar kofi mai arha, da taskar tsofaffin tambayoyin jarrabawa. A wannan ɗaki ne ɗan aji ɗaya ke cin karo da ɗan aji huɗu da zai gaya masa wane darasi ne ke kayar da mutane, da yadda ake tsallake shi.

Katin maki

A makon farko ana raba sababbin shiga rukuni-rukuni, kowane rukuni da ɗalibai manya da ke jagorantarsa. A Otaniemi ana kiran irin wannan jagora ISO, kalmar da ke nufin babba a harshen ƙasar. Sai a miƙa wa kowa katin maki. Wasu gurabe a katin tilas ne, wasu zaɓi. Cikin waɗanda aka saba gani akwai halartar liyafar waƙa, ziyarar kamfani, zuwa taron kilta, leƙa gidan tarihin ɗalibai, shiga wata zolaya, cin gwajin waƙoƙin gargajiyarsu, da makin aiki. Bayan kowane abu, wanda ya shirya shi ko kyaftin ya buga hatimi.

Makin aiki ya cancanci a tsaya a kansa. Don samun sa dole fuksi ya yi hidima a bikin wasu: wanke kwanuka, jera kujeru, karɓar riguna a bakin ƙofa, share zaure da asuba bayan kowa ya tafi. Da wannan dabara ɗaya an jefi tsuntsu biyu. Bukukuwa sun samu ma'aikata kyauta, shi ya sa tikiti ke da arha, sabon shiga kuma ya ga bayan fage, ya san cewa abincin mutum tamanin ba daga sama yake faɗowa ba. Yawancin waɗanda ke tsayawa takara a Nuwamba daga wurin wanke-wanke aka fara lura da su.

Akwai kuma wasan da ake ja har tsawon shekara. Babban jami'in sababbin shiga na Otaniemi, wanda ake yi wa laƙabi da manjo, shi ke da ikon cewa za a yi Wappu, bikin 1 ga Mayu da ake sa hula, ko ba za a yi ba, don haka a duk sanarwa sai a ce bikin da mai yiwuwa a shirya. Kowa ya san za a yi, amma ba mai faɗa.

Hular

Duk wanda ya ci jarrabawar kammala sakandare ta ƙasa a Finland yana samun farar hula mai baƙin baki. Ta teekkari ta bambanta da ita da dogon igiya mai tuntun baƙin siliki da ke sauka ta kafaɗar dama, kuma siffarta ta yanzu ta samo asali tun 1893. Masani yana iya gane garin mutum daga hularsa. Ta Otaniemi kusurwa shida gare ta da jan shafi a ciki, ta Lappeenranta bakwai, ta Oulu takwas. A Oulu akan ƙulla igiyar tuntun sau ɗaya a duk Wappu da mutum ya yi, don haka yawan ƙulli na tona asirin wanda ya daɗe bai gama ba. Ɗalibai masu magana da harshen Suwidin, waɗanda ƙungiyarsu Teknologföreningen ke nan tun 1872, nasu shafin ja da rawaya ne.

Lokacin sa ta ƙayyadadde ne: daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba. Wanda ke son sa ta a wajen wannan lokaci, misali don wakiltar kilta a wani taro ko sayar da mujalla, sai ya nemi izini a rubuce daga kwamitin da ke kula da al'ada. A ƙasar da hunturu ke cinye rabin shekara, fitowar fararen huluna a titi alama ce ta cewa rana ta dawo.

Rigar da ba a wankewa

Rigar kanikawa, riga da wando a haɗe, ta shigo daga Suwidin a shekarun 1970, yanzu kuma kusan kowane fanni a ƙasar yana da tasa. Launi ke nuna sashe. A Otaniemi masu kwamfuta baƙa suke sawa, masu lantarki fara, masu fasahar injina masu sarrafa kansu shunayya, masu injiniyancin injina kuwa ruwan hoda, abin da suke alfahari da shi ƙwarai. Launi ɗaya na iya nufin wani sashe dabam a wani gari, don haka sai an duba tambarin da ke baya.

Samar da rigar shi kansa darasi ne. A kilta da yawa sababbin shiga ne ke kafa kwamiti, su bi kamfanoni suna sayar musu da gurbin talla a jikin rigar: baya da cinya sun fi tsada domin sun fi fitowa a hoto. Kuɗin tallan ke rage abin da kowane ɗalibi zai biya. Inda abin ke lalacewa sananne ne. Kwamiti ya makara wajen tuntuɓar kamfanoni har kasafinsu na shekara ya rufe, ko wani kamfani ya turo tambarinsa a sigar da injin bugu ba ya karɓa, ko a tattara awo ba tare da an gwada samfuri ba. Kowanne cikin waɗannan na iya tura isowar kaya baya da makonni, a wayi gari ana bikin hunturu wani sashe na yawo ba riga. Shawarar da manya ke bayarwa ita ce a ɗauki awon da ya fi jiki girma, domin a watan Fabrairu za a sa ta ne a kan rigar sanyi mai kauri. In an shiga ɗumi sai a tuɓe saman a ɗaure hannayen a ƙugu.

Sai bajo. Kowane biki da kowace ƙungiya na buga nata bajon na ƙyalle, ana saye da 'yan Yuro kaɗan ko a yi musaya. Ƙa'ida ita ce a ɗinka da hannu. Gam ba ya jure jiƙa da daskarewa, bajon da aka manna yakan ɓace a dare ɗaya, ga kuma gorin da za a sha. Ana amfani da zare mai ƙarfi, wasu har da zaren sakace. Kuskuren sabon hannu shi ne ya soka allura ta ratsa ɓangare biyu ya ɗinke ƙafar wando ko bakin aljihu, maganinsa kuwa a cusa kwali ko littafi a ciki kafin a fara. Abokai na kusa da masoya sukan yanke wani yanki na hannu ko ƙafa su yi musaya, shi ya sa za ka ga baƙar riga da ƙafa ɗaya ruwan hoda. Wanki kuma haramun ne a al'adance, sai dai mutum ya faɗa ruwa da ita a jikinsa. Masu hankali dai sukan shanya ta a iska, su goge inda ya ɓaci.

Liyafar waƙa da zolaya

Sitsit liyafar cin abinci ce a zaune, kashi uku: na buɗe baki, babban abinci, da kayan zaƙi. Masu shiri ne ke tsara wurin zaman kowa, da gangan ake raba abokai don a san sababbin fuskoki. Jagoran waƙa ne ke da iko da zauren. In aka ɗauki waƙa sai a ajiye cokali, ba ci ba sha har a ƙare, sannan a ɗaga kofi a gaida na gefe da na gefe da na gaba. Ba a tashi daga tebur sai lokacin hutu. Saboda waƙoƙin ba sa ƙarewa, abinci kusan kullum a sanyaye ake cin sa, kuma sun mai da hakan abin dariya. Suna da karin magana cewa teekkari ya fi son yin waƙa a kan iya ta. Wanda ya karya doka hukuncinsa yawanci ya tashi ya rera baiti shi kaɗai.

Zolayarsu, wadda suke kira jäynä, tana da sharuɗɗa masu tsauri: kada ta ci mutuncin kowa, kada ta lalata dukiya, kada ta jawo wa 'yan sanda ko masu kashe gobara aikin banza, kuma wanda aka yi wa ya yi dariya in ya gano. Wadda ta fi shahara ta faru a 1961. Suwidin na shirin ɗago jirgin yaƙin Vasa, wanda ya nutse a tashar Stockholm tun 1628. Kafin a ɗago shi, ɗaliban Helsinki suka lallaɓa suka ajiye ƙaramin mutum-mutumin Paavo Nurmi, gwarzon tseren Finland mai lambobin zinare tara na Olamfik, a kan jirgin. Masu binciken kayan tarihi suka tsinci ɗan tseren ƙarni na ashirin cikin kayan ƙarni na sha bakwai. Abin ya ƙara armashi ga 'yan Finland domin ɗan Suwidin ne, Sigfrid Edström, ke shugabantar hukumar wasannin guje-guje ta duniya lokacin da aka hana Nurmi shiga gasar 1932. Har yau ana gasar zolaya ta ƙasa tsakanin garuruwa, kuma alƙalai na duba dabara da tsabtar aiki.

Wappu

Ranar 1 ga Mayu hutu ce ta ma'aikata da ɗalibai a duk ƙasar, ana kiranta Vappu, ɗaliban fasaha kuma suna rubuta ta da W irin na tsohon rubutu. A wurinsu bikin kan ɗauki mako biyu ko fiye. Suna buɗe gidajen rediyo na wucin gadi, suna sayar da mujallun barkwanci a titi. A yankin Helsinki mujallu biyu ke karɓa-karɓa: Äpy, wadda ta fara a 1948, tana fita a shekarun mara, Julkku kuma tun 1978 a shekarun cika. An taɓa buga Äpy a kan takardar bayan gida, an kuma taɓa buga ta a kan zanen gado. Mai sayarwa na samun kaso a kan kowane kwafi.

Da ƙarfe shida na yammacin 30 ga Afrilu ake wanke mutum-mutumin Havis Amanda da ke bakin kasuwar tashar ruwa ta Helsinki a ɗora masa hula, ƙungiyoyin ɗalibai na yankin suna karɓar aikin bi da bi. Washegari jama'a su cika tudun Ullanlinna da tabarmi da abinci. A Tampere kuwa, tun 1966, ana loda sababbin shiga cikin kwandon ƙarfe, motar ƙugiya ta ɗaga su ta tsoma a ruwan Tammerkoski da ke ratsa tsakiyar gari. A farkon Mayu ruwan bai daɗe da rabuwa da ƙanƙara ba. Haɗarin da ke ciki shi ne fizgar numfashi da jiki ke yi a daƙiƙun farko, da saurin hucewar jiki in an fito iska na kaɗawa. Shi ya sa tsomawar gajeriya ce, ana tanadar sauna, wato ɗakin gumi, da tawul a kusa, akwai masu agajin gaggawa, kuma shiga kwandon ba dole ba ne.

Wannan iya shiri yana da tarihi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ɗalibai suka rasa wurin kwana, da kansu suka tara kuɗi suka gina ƙauyen ɗalibai na Otaniemi. Sun kankare tubali kimanin 800,000 daga kangon ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet, wanda jiragen Sobiyet ɗin da kansu suka rusa a ruwan bama-baman 1944. A gasar Olamfik ta 1952 kuma a wannan ƙauye aka sauki 'yan wasan Sobiyet da ƙawayenta. Amma ƙarfin hali na da iyaka. Katafaren ginin Dipoli, wanda Reima da Raili Pietilä suka zana aka gama a 1966, ya fi ƙarfin aljihun ƙungiyar ɗalibai, daga bisani ya koma hannun jami'a. Yau shi ne babban ginin Aalto.

Inda tsarin ke yoyo

Barasa ita ce matsala ta farko, kuma su ma ba sa musu. Shekaru da dama yawancin bukukuwa a kanta aka gina su, wanda ba ya sha kuma yakan ji kamar baƙo a gidansu. An samu sauyi na gaske: fom ɗin rajistar liyafa yana da gurbin zaɓen abin sha marar barasa da irin abincin da mutum ke ci, ana iya cika katin maki ba tare da an kurɓa ko ɗigo ba, kilta da yawa kuma sun naɗa mutanen da ake kai wa ƙarar cin zarafi ko takurawa a asirce. Duk da haka, abin da takarda ta ce dabam, abin da ke faruwa a tebur da ƙarfe ɗayan dare dabam. Jagoran rukuni ɗaya marar lura ya isa ya kore mutum biyar daga al'adar gaba ɗaya.

Ɗaliban ƙasashen waje, ciki har da masu zuwa daga Najeriya da Gana da Kamaru, suna cin karo da wani shingen. Yawancinsu digiri na biyu suke zuwa yi, shekara biyu kacal, alhali an gina tsarin ne don ɗan shekara sha tara da zai yi biyar. Waƙoƙin da barkwancin cikin harshen Finland ko na Suwidin suke. Tun 2017 kuma waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba suna biyan kuɗin makaranta a shirye-shiryen da ake koyarwa da Ingilishi, tallafin da ake ba su kuma yakan dogara da saurin karatu, ga aikin neman na cefane. Kilta da dama sun fitar da katin maki na Ingilishi da kyaftin na musamman, ɗalibin digiri na biyu ma na iya samun hula. Ga Musulmi ko duk wanda ba ya sha, ƙofofin da suka fi sauƙi su ne ɗakin kilta da rana, ziyarar kamfanoni, wasannin motsa jiki da makin aiki. A sauna ma an saba ware lokacin maza da na mata, kuma ba laifi ba ne mutum ya tambaya tun kafin ya je. Wanda ya kauce wa kilta ɗungurungum ya sani cewa labarin aikin hutun bazara, wanda ake fara nema tun Janairu, ta nan yake fara yawo.

Sai gajiya. Shekarar karatu cikakkiya kiredit 60 ce, wato ma'aunin nauyin darussa, wadda doka ta ƙiyasta a kan awa 1,600 na aiki. Hukumar Kela, mai biyan tallafin karatu ga 'yan ƙasa, tana neman aƙalla kiredit 5 a kan kowane watan da aka karɓi kuɗi, da 20 a shekara. Kyaftin ɗin sababbin shiga da ke kwana a wurin biki sau uku a mako cikin Satumba yana iya faɗuwa ƙasa da wannan layi, sai wasiƙar neman bayani ta iso. Gwamnati kuma, ta hanyar yadda take raba wa jami'o'i kuɗi, tana matsa lamba a gama a kan lokaci. Tsohon salon teekkari mai shekara takwas a makaranta, wanda shi ne ma'ajiyar tarihin kilta, yana ƙarewa.

Wannan ya sa miƙa mulki ya zama wurin da aka fi yin asara. Kowane mai muƙami ana sa ran ya bar wa magajinsa takardar da suke kira wasiyya: wane zaure ake kamawa tun wata shida kafin biki, wane kamfani ne ke amsa waya, tukunya nawa ta dankali ke isar mutum ɗari, wane izini ake nema daga hukumar gari kafin a rufe titi. In wanda ya gaji ya tafi bai rubuta ba, magajinsa zai sake yin kuskuren da aka riga aka yi shekara uku baya. An ga haka ƙarara bayan annobar korona, lokacin da aka yi Wappu na 2020 da na 2021 ta intanet: da aka dawo, ɗaliban da ya kamata su jagoranci liyafa ba su taɓa zama a cikin ta gaske ba.